Tun da ta dawo daga wankan gida take guduna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 34. Shekara biyu da aurenmu, kuma Allah ya ba mu ɗa namiji wata bakwai da suka wuce. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka ƙara ta aka yi mata ɗinki. Ta yi wata biyu a gidansu tana wanka. Tun da ta dawo kamar an sauya ta. Idan na matso sai ta juya baya, ko ta ce yaro zai tashi, ko ta ce ta gaji. Sau uku kacal muka kusanci juna, duk ukun tana cije leɓe, na ƙarshen ma kuka ta yi. Da rana ba ta hira, abin da bai kai ya kawo ba sai hawaye. Na sayo mata kayan mata masu tsada, ko taɓa su ba ta yi ba. Ranar da raina ya ɓaci na ce mata in ba za ta iya ba zan ƙara aure, tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Abokaina sun ce ko an zuga ta a gida, ko kuma farraƙu aka yi mana. Ina sonta, amma na fara zargin ta daina sona. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaro, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Ka faɗi abu mafi muhimmanci a tsakiyar wasiƙarka, sai ka wuce ba ka tsaya a kansa ba. Ka ce duk sau ukun tana cije leɓe, na ƙarshen har da kuka. Zafi take ji. Daga nan za mu fara, domin muddin kusantarka tana nufin azaba a wurinta, babu daɗin baki, babu kayan mata, babu wa'azin da zai sa ta yi marmarinta. Bayan zafin muna hango tsoron sake ɗaukar ciki, da gajiya, da alamun ciwon damuwa na bayan haihuwa. Ba mu ga alamar ƙiyayya a bayaninka ba. Mun dai ga wata magana da ka furta wadda sai ka janye ta kafin komai ya gyaru.

Jikin mai shayarwa ya bambanta da jikin da ka sani a farkon aure. Sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, yana hauhawa, shi kuma yana danne wani sinadarin da ake kira istirojin. Istirojin ne ke sa fatar gaban mace ta yi kauri da laushi, ta kuma kawo ni'ima. Idan ya yi ƙasa sai fatar ta rage kauri, ta bushe, ta riƙa saurin jin ciwo, kusan irin abin da ke samun matar da ta daina al'ada. Sha'awa ma tana ja da baya. Abin yakan yi sauƙi idan yaro ya kama cin abinci sosai ya rage shan nono, ko kuma al'ada ta dawo.

Sai ɗinkin. Ƙari yakan warke ta sama cikin 'yan makonni, amma tabon yana iya ci gaba da zafi tsawon watanni. Wani lokaci ɗinkin ne ya matse bakin wurin fiye da kima. Wani lokaci ɗan jan nama ne ya tsiro a kan tabon, da an taɓa shi sai zafi ko jini. Wani lokaci kuma ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Likitan mata yana gane waɗannan da ido cikin 'yan mintuna, kuma duk suna da magani. Jan naman nan, alal misali, galibi dangwala masa magani ake yi a ɗakin duba marasa lafiya, ba sai an shiga tiyata ba.

Akwai kuma abin da ciwo ke koya wa jiki. Hannun da tukunya ta taɓa ƙonawa yana janyewa tun kafin mai shi ya yi tunani. Haka tsokokin da ke kewaye da gaban mace suke. Idan aka kusance ta sau ɗaya ta ji zafi, karo na biyu sukan ɗaure da kansu tun kafin a taɓa ta, ɗaurewar ta ƙara zafin, zafin ya ƙara tsoron. Ba da gangan take yi ba, kuma "ki saki jikinki mana" ba ya kwance su. Duk ƙoƙarin da aka yi cikin ciwo tsawon jinyar yake ƙarawa. Saboda haka ka dakatar da saduwa gaba ɗaya har a duba ta.

Ka kai ta asibitin da ke da likitan mata, ko aƙalla ƙwararriyar ungozomar asibiti. In tana jin nauyin likita namiji, ku nemi mace tun daga wurin yankan kati. Ka raka ta, amma idan an zo tambayoyi ka fita ka ba su wuri, domin akwai abin da ba za ta iya faɗa a gabanka ba. Abin da likita ke son ji shi ne inda zafin yake, a bakin wurin ne ko can ciki; ko yana zuwa da ƙaiƙayi, ko ruwa mai wari, ko jini; ko fitsari ko iska na kuɓuce mata idan ta yi tari, atishawa ko dariya. Wannan na ƙarshen mata da yawa suna ɓoye shi don kunya, alhali shi kaɗai ya isa ya sa mace ta ƙauracewa shimfiɗar mijinta. Ku roƙi a auna yawan jininta da hawan jini, a kuma gwada sinadarin tayirod na maƙogwaro, domin kusan mace 1 cikin 20 takan samu tangarɗarsa a shekarar farko bayan haihuwa, kuma yana kawo kasala da ƙuncin rai da za a iya ɗauka miskilanci ne. Idan kuwa tana haki in ta ɗan yi tafiya, ƙafafunta sun kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai a bayanta, yau za a tafi ba gobe ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawaitar ciwon zuciya na bayan haihuwa a tsakanin matanmu, suka kuma nuna yatsa ga yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego.

Kayan matan da ka sayo, gara da ba ta taɓa su ba. Na ci irin su gumba da haɗin dabino, aya da kwakwa abinci ne, ba su da laifi, sai dai ba sa warkar da tabo. Na sha da ba a san abin da aka zuba a ciki ba, ka tuna wani ɓangarensu zai iya bi ta nono ya kai ga yaro. Na matsi kuwa su ne mafi muni a halin da take ciki: akasarinsu busar da wurin suke yi su tsuke shi, wato daidai matsalar da take fama da ita za su ninka, wasu ma su ƙona fatar ko su kawo sanyi. Ka kuma duba saƙon da kyautar ta isar. Kai kana nufin taimako. Ita abin da ta ji shi ne haihuwa ta lalata ta, ta je ta gyara kanta. Abin da za ta buƙata idan lokaci ya yi bai kai kuɗin waɗannan ba: man santsi mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a kemis, irin su K-Y Jelly. Idan bushewar ta yi tsanani likita na iya rubuta mata man shafawa mai ɗan istirojin, amma shi zai yanke wannan, ba mai kemis ba.

Yanzu tsoron ciki. Ba ka ambaci tazarar haihuwa ko sau ɗaya ba, kuma muna kyautata zaton ba ku taɓa zama kun tattauna ta ba. Matar da aka ƙara aka ɗinke wata bakwai da suka wuce, idan ka matso ba kai kaɗai take gani ba, tana hango ɗakin haihuwa. In ta yi kwanika ita za a yi wa surutu a gidan suna, ita za ta yi laulayi da goyo a baya. Shayarwa tana kare mace daga ɗaukar ciki ne kawai idan sharuɗɗa uku sun haɗu: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Naku ya wuce wata shida, don haka wannan kariyar ta ƙare. Kada kuma a ce a jira a ga al'ada, domin ƙwai yana iya fita kamar mako biyu kafin jinin farko, mace na iya ɗaukar ciki ba ta ga ko ɗigo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, abin da ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. A sashen tazarar haihuwa za a yi muku bayanin hanyoyin da suka dace da mai shayarwa: allurar wata uku, ashanar hannu mai shekara uku ko biyar, robar mahaifa, ƙwayar masu shayarwa da ake sha kullum a lokaci guda, da kwaroron roba. Kowace tana da nata 'yan matsalolin, misali allura da ashana sukan rikita al'ada, don haka ita za ta zaɓa bayan ta ji bayani. In kwaroron roba kuka ɗauka, kada a haɗa shi da man kwakwa, man zaitun ko Vaseline, domin mai yana cinye robar ta fashe. Kai ne ya kamata ka fara ɗauko zancen. Mata da yawa ba sa iya tayar da shi don tsoron a ce ba sa son haihuwa.

Abin da ya fi damunmu a wasiƙarka shi ne rana, ba dare ba. Ka ce ba ta hira, kuma ƙaramin abu sai hawaye. Yawancin masu jego sukan yi 'yan kwanaki na saurin kuka da ɓacin rai, daga kwana na biyu ko na uku bayan haihuwa, ya wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya kai wata bakwai ba wannan ba ne. Ciwon damuwa na bayan haihuwa yana iya farawa kowane lokaci a shekarar farko, kuma ba baƙon ciwo ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsala irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuma ya kusa kashi 20. Alamominsa sun haɗa da ƙuncin rai kusan kullum na sama da mako biyu, daina jin daɗin abin da ta saba so, kasa barci ko da yaro ya yi barci, rashin cin abinci ko yawan ci, ganin kanta ba ta iya komai ba, zullumin wani abu zai sami yaron, ko jin kamar ba ta shaƙu da shi ba. Wahalar haihuwa, rashin barci da saɓani da miji duk suna ƙara haɗarinsa, kuma ukun sun haɗu a gidanka.

Ba mu za mu tabbatar tana da shi daga wasiƙa ba. Likitoci suna da takardar tambayoyi goma da aka tsara a birnin Edinbura na Birtaniya a 1987, wadda ake cikawa cikin minti biyar. Kai a gida za ka iya yi mata tambaya biyu cikin natsuwa: a wannan watan, kina yawan jin ƙunci ko yanke ƙauna? Kina jin abubuwan da kike so a da sun daina yi miki daɗi? In ta amsa e ga ko da ɗaya, a faɗa wa likita. Ana warkewa. Maganin shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Akwai ƙwayoyin da suka dace da mai shayarwa, irin su satiralin, don haka ba sai an yaye yaro ba. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sha kwana goma a ce ba ya aiki, ko a ji sauƙi a watsar, ciwon ya dawo. Wasu daga cikin ƙwayoyin suna rage sha'awa. In hakan ta faru a koma wa likita ya daidaita, kada a daina a ɓoye. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Kada sunan wurin ya firgita ku, yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar.

Idan ta taɓa cewa gara ta mutu, ko za ku fi jin daɗi ba ita, ko tana jin muryoyi, ko tana faɗin abin da ba ya kan hanya, ko ta kwana biyu ba ta runtsa ba kuma ba ta jin gajiya, wannan na gaggawa ne. Kada a bar ta ita kaɗai da yaro, a tafi asibiti a ranar. Tambayarta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta ba ya dasa mata tunanin. Sauƙi ma yake kawowa.

Maganar farraƙu da zuga da abokanka suka kawo, ga ra'ayinmu. Ka yi addu'a, ka yi azkar, ka tofa wa iyalinka, babu mai hana ka. Amma duk abin da ka zayyana yana da sanadi sananne da ake gani a asibiti kullum, kuma zargin surukanka zai jawo maka faɗa na biyu alhali ba ka gama da na farko ba. Sirrin shimfiɗarka kuma ba na majalisa ba ne. In ta ji an tattauna ta a can, wannan raunin zai fi na ɗinki daɗewa.

Sai barci, wanda maza suka fi rainawa. Matar da ake tasa sau uku ko huɗu kowane dare tsawon wata bakwai, jikinta ba shi da rarar da zai ba sha'awa. Abin da za ka nema mata shi ne barcin awa huɗu zuwa biyar a jere ba yankewa, aƙalla dare uku ko huɗu a mako. Ta shayar da shi bayan isha'i ta kwanta, kai ka ɗauke shi zuwa wani ɗakin. In ya farka kafin lokacin ka rarrashe shi, tunda a wata bakwai ba kowane farkawa ne na yunwa ba. Ko kuma ka karɓe shi bayan asuba ka ba shi kununsa, ita ta koma ta kwanta har hantsi. Ka sauke mata girki sau uku zuwa abin da za ta iya, in da hali a samo 'yar'uwa ko mai taya aiki. In kana jin wannan ba aikin namiji ba ne, Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Yanzu naka kason. Abin da ke faruwa tsakaninku sananne ne ga masu nazarin zaman aure: ɗaya yana bi, ɗaya yana gudu, kowanne kuma halinsa yana ƙara wa ɗayan nasa. Kai ka ji an ƙi ka sai ka ƙara matsawa. Ita ta ji an matsa mata sai ta ƙara janyewa. Har ta kai ga ko hannunta ka riƙe, ko ka yaba girkinta, sai gabanta ya faɗi don ta san inda zancen zai ƙare. Shi ya sa hirar rana ma ta mutu: tana gudun sakin fuska kada ka ɗauka gayyata ce. Sannan ka ɗora barazanar kishiya a kai. Ba hukuncin ƙarin aure muke tattaunawa ba. Abin da ta ji a ranar shi ne, a lokacin da jikinta ke ciwo saboda ɗanka, ka gaya mata za a iya maye gurbinta. Tsoro yana iya sa mace ta miƙa jikinta, amma ba ya haifar da sha'awa, kuma abin da za ka samu ta wannan hanyar shi ne irin daren da ya ƙare da kuka.

Ka nemi lokaci da rana ko bayan magariba, ba a kan gado ba, yaro yana barci, waya tana nesa. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata a Jami'ar Washington ta Amurka, ya nuna cewa yadda aka buɗe magana a minti ukun farko shi ke nuna yadda za ta ƙare. Don haka kada ka fara da "ke kin canja". Ka fara da naka, kamar haka: "Maganar ƙarin auren da na yi ranar nan, ɓacin rai ne, kuma ban kyauta ba. Na ga kina jin zafi ban tsaya na tambaye ki ba. Ki yafe mini. Daga yau har likita ya duba ki, har ke da kanki ki ce kin shirya, ba zan neme ki ba. Ina so in ji yadda kike tun da kika haihu." Daga nan ka yi shiru. Shirun zai yi tsawo, kada ka cike shi. Wataƙila ta ce ba komai. Ka karɓa, ka sake gwadawa bayan kwana biyu ko uku. In ta buɗe baki, za ka ji abin da ba zai yi maka daɗi ba, har da wanda kake ganin ba haka aka yi ba. Ranar ba ta kare kai ba ce. Ka maimaita mata abin da ka fahimta, ka tambaye ta ko haka take nufi. In ka ji zuciyarka na bugawa da ƙarfi, murya na tashi, ka ce za ka fita ka dawo nan da rabin awa, kuma ka dawo ɗin. Gottman ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti mutum ba ya iya sauraro, kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Fita ba tare da faɗin lokacin dawowa ba, a wurinta gaba ce.

Bayan an ga likita, ku dawo da kusanci a hankali. Hanyar da masu ba ma'aurata shawara suke amfani da ita ta samo asali ne daga aikin wasu masu bincike biyu na Amurka, Masters da Johnson, kuma ginshiƙinta shi ne a cire saduwa daga lissafi na wani lokaci domin taɓawa ta daina zama abin tsoro. Mako biyun farko, zama kusa, riƙe hannu, runguma, matsa mata ƙafa ko kafaɗa, da tufafi, ba ƙari. Daga nan sau biyu ko uku a mako ku ware kamar rabin awa, kowa ya shafa jikin ɗan'uwansa minti goma sha biyar, ban da mama da gaba, wanda ake shafawa yana faɗin inda ya fi daɗi da inda ba ya so. Idan ta saki jiki da wannan, sai a haɗa da sauran wuraren, har yanzu ba saduwa. Mataki na ƙarshe ita ce za ta ce an kai, da man santsi a wadace, a yanayin da ita ke iko da zurfi da sauri, kamar ta kasance a sama ko ku kwanta gefe da gefe. Da ta ji zafi a tsaya, a koma matakin baya, ba fushi. Ta shayar da yaro kafin ku fara, domin mama ya rage nauyi da tsami, shi ma ya daɗe yana barci. In nono ya zubo a tsakiya, haka jiki yake, kada ka nuna ƙyama. Gaba ɗaya abin yakan ɗauki mako shida zuwa wata uku.

Wurin da tsarin ya fi rushewa shi ne dare na biyu ko na uku, idan miji ya ga ta ɗan sake sai ya zarce. Alkawari ɗaya da ka karya zai mayar da ku bayan inda kuka taso. Wuri na biyu shi ne ta ji tausayinka ko tsoron zunubi ta ce "ka yi kawai". Kada ka karɓa. Na uku shi ne ka cika alkawarin da jiki amma kana kumbure-kumbure kana ƙirga kwanaki, tana gani. Ka kuma daina jiran ta zo maka da zumuɗi irin na amarci. Wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta bayyana a shekarar 2000 cewa a wurin mata da yawa, musamman a auren da ya kwana biyu, sha'awa ba ta riga kusanci zuwa, biyo shi take yi: sai an samu natsuwa da taɓawa mai daɗi sannan ta taso. Rashin fara nemanka ba shaidar rashin so ba ne.

Ba mu manta da kai ba. Wata bakwai kana jin kamar baƙo a gidanka ba ƙaramin abu ba ne, kuma kewar da kake yi halal ce. Ka faɗa mata da sunan kewa, ba da sunan bashi ba. Maza ma suna samun ciwon damuwa bayan an yi musu haihuwa, kusan 1 cikin 10, kuma a wurinsu yakan fito ne ta saurin fushi da daɗewa a waje. In ka ga haka a kanka, kai ma ka yi wa likita magana. Ka kiyayi hirar dare da wata mace a WhatsApp a wannan tsakanin, domin a irin wannan lokacin ne take shiga da sauƙi. Shawarar ƙarin aure kuma, ko kana da niyyarta don wani dalili, ba a yanke ta cikin fushi da matar da ba ta da lafiya.

Zai yiwu a yi duk wannan, zafi ya tafi, barci ya samu, amma ka ga har yanzu akwai sauran tazara. To a nan sai a nemi wani tsohon ƙulli: wata kalma da ka faɗa game da jikinta, ko rashin ganinka a ranar naƙuda, ko ƙarancin zuwanka lokacin da take gidansu. In bayan wata uku ba ku ga canji ba, ku zauna da masanin halayyar ɗan Adam ko mai ba ma'aurata shawara, ku biyu tare.

In kuma ta ƙi zuwa asibitin tun farko, wanda yana iya faruwa saboda kunya ko saboda ciwon damuwar kansa yana kashe kuzari, kada ka mayar da shi umarni. Ka nemi mace ɗaya da ta yarda da ita, yayarta ko gwaggonta, ka gaya mata iya cewa kana ganin ba ta da lafiya tun haihuwa kuma kana so a raka ta, ban da bayanin shimfiɗa. Rigakafin yaro na wata tara, na ƙyanda da shawara, saura wata biyu, ya yi nisa a jira shi. Ku yi amfani da ranar awon yara ta wannan makon, ku yanki kati biyu, nasa da nata.